Shekara talatin ina wuce Gidan Makama, sai jiya na shiga

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. A cikin birnin Kano aka yanke mini cibiya, kullum ta gaban Ƙofar Kudu nake bi in tafi kasuwa, ina ganin katangar Gidan Makama, gidan tarihin nan, da zankayenta, amma ƙafata ba ta taɓa taka zauren ba. Jiya yarona ɗan shekara tara ya matsa sai na kai shi, wai an ba su aikin gida a kan Sarki Muhammadu Rumfa. Na tafi da niyyar mu yi minti ashirin, sai da aka kira la'asar muka fito.

Abin da ya fi kama ni tsohon ƙyauren ƙofar gari ne da aka jingine a ciki. Ƙarfe ne aka yi ta liƙa shi falle-falle, an bi shi da ƙusoshi masu faɗin kai, ko'ina ana ganin sawun guduma. Yaron ya tsaya gabansa ya ɗaga kai, ya ce, "Baba, da daddare wa yake rufe wannan?" Wallahi ban iya ba shi amsa ba. Ni da nake alfahari ni Bakano ne gaba da baya. Tambayata gare ku: mu nawa ne a nan muka taɓa shiga? Kuma me ya sa muka bar wa baƙi da 'yan makaranta?

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, gaskiya ni ban taɓa shiga ba, kuma ba na jin zan shiga. Mutum yana fama da kuɗin cefane da na makarantar yara, ina ya ga lokacin kallon tsohon ƙyaure? Wannan harkar masu ƙoshi ce.

Malamar Firamare:
Yaya Ɗan Kurmi, ba a raina wahalar da ake ciki ba, kowa ya san ta. Amma kasuwar da kake neman cefanen a cikinta, wa ya kafa ta? Rumfan nan ne dai. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kurmi, shi ya gina gidan sarkin da ake kira Gidan Rumfa har yau, shi ya faɗaɗa ganuwa. Sama da shekara 500 ke nan mutane suna ci a inda kake ci.

Ni na kai ɗalibaina sau uku. Abin da na yi zango guda ina faɗa a aji bai zauna ba, rana ɗaya suka ga sulke da kwalkwali da idonsu, har yau suna ba ni labari. Akwai wata yarinya da ba ta magana a aji ko kaɗan, ranar ita ce ta fi kowa tambaya.

Ɗan Kurmi:
Malama na ji. To a kai yara. Mu manya mun wuce wurin.

Ɗalibin Tarihi:
Barka da wannan magana, Baban Khalifa. Amsar tambayar Khalifa ita ce Sarkin Ƙofa. Kowace ƙofa tana da nata, shi yake rufewa idan dare ya yi, ya buɗe da safe, kuma shi yake lura da mai shiga da mai fita. Wanda ya iso bayan an rufe, a waje zai kwana.

Game da gidan kansa, ruwaya biyu ake ji. Wasu sun ce an gina wa Rumfa shi ne tun yana ɗan sarki yana riƙe da sarautar Makama, wasu sun ce a nan ya zauna kafin a gama ginin sabuwar fada. Ko wacce aka ɗauka, asalin gidan na ƙarni na 15 ne. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi wajen harkar mulkinsu na ɗan lokaci. Daga baya aka raba shi uku: wani ɓangare gidan tarihi, wani makarantar firamare, wani kuma ya ci gaba da zama gidan mai riƙe da sarautar Makama, wanda yana cikin masu zaɓen sarki tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ɓangaren gidan tarihin yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara sani. Yanzu na karanta wa yaron, ya tafi ɗauko littafinsa ya rubuta "Sarkin Ƙofa".

Abu Sumayya:
Ina da tambaya, kuma ba don jayayya ba. Na ji an ce ana ba da labarin Barbushe, babban matsafin Dala, da gunkinsa Tsumburbura a wurin. Ya halatta mutum ya kwashi 'ya'yansa ya kai su inda za a yi musu bayanin bautar gunki? Ni abin da yake hana ni zuwa ke nan.

Malam na Zaure:
Ɗan'uwa Abu Sumayya, tambayarka a kan hanya take, kuma kishin tarbiyya ne ya kawo ta. Amma ka duba, Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin Fir'auna da Adawa da Samudawa, ya kuma umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Jin labari daban, girmamawa daban. Yaron da ya san cewa a gindin Dala an taɓa yin tsafi, sannan ya san Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14 suka tsayar da salla a fada, sannan Shehu Magili ya zo a zamanin Rumfa ya rubuta masa yadda sarki Musulmi zai yi mulki, wannan yaron zai fi sanin darajar kiran sallar da yake ji kullum. Abin da aka same shi da wahala ne. Ka tafi da su da kanka, kai ne za ka riƙa yi musu fassarar abin da suka gani.

Abu Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, na gamsu da rabi. Zan fara zuwa ni kaɗai in gani tukuna.

Malam na Zaure:
Hakan ya yi daidai.

Baba Magini:
Ɗana ne yake rubuta mini wannan a wayarsa, ni ina faɗa. Shekarata ta haura saba'in, kuma gini na gada.

Duk kuna maganar kayan da ke cikin gidan. Ni idan na je, sama nake kallo. Gidan shi ne babban abin kallon. Duk wanda zai je, don Allah idan ya shiga soro ya tsaya ya ɗaga kansa. Wannan lanƙwasar da za ka gani ta taso daga bango ta haɗu a tsakiya, baka muke ce mata. Babu rodi a ciki, babu siminti. Azara ce ta giginya, ana ɗora ta guntu-guntu, kowace tana ɗan leƙowa gaban ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, a bi da ƙasa, a jira ta sha iska, sannan a ƙara wata. Ba a yi mata gaggawa. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta yi yawa, shi ya sa aka nemo dabarar baka, don a samu ɗaki mai faɗi ba tare da an dasa ginshiƙi a tsakiya ba. Kuma giginya ake nema domin gara ba ta cinta da sauƙi.

Bangon kuwa tubali ne na hannu, mai kama da ƙwai, gindi faɗi kai tsini. A busar da shi a rana, a jera shi tsininsa na kallon sama. Daga ƙasa bango yana da kauri, yana hawa yana sirancewa. Shi ya sa ko a watan bazara ka shiga sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa.

Ga abin da nake so ku yara ku riƙe. Da can magini ba ya gama aiki shi kaɗai. Idan za mu yi laso, wato abin da ake shafe rufi da shi don kada ruwa ya zauna, sai mun je marina mun samo katsi, wannan abin da yake kwantawa a gindin rijiyar baba. Sai mun je majema mun samo gashin jima. Sai an saro dafara a daji an daka an jiƙa. Makuba kuma, da ake shafe bango da ita, daga ɓawon ɗorawa take. Kun ga rufi ɗaya, amma hannun marini yana ciki, na majemi yana ciki, na maƙerin da ya yi ƙusa yana ciki. Yau idan marina ta mutu, laso ya mutu, ko da maginin yana raye. Ni yanzu cikin 'ya'yana da jikokina babu wanda zai iya tayar da baka daga tushe har ta rufe. Ba laifinsu ba ne, babu mai ba su aikin.

Malamar Firamare:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Sau uku na je ban taɓa ɗaga kaina yadda kuka faɗa ba. Wannan bayanin naku zan kwafe shi in karanta wa yara.

Baban Khalifa:
Ranku ya daɗe Baba, sanyin nan na ji shi jiya. Har na waiwaya ina neman fanka.

Bakatsine:
Kanawa kun yi ta magana, ku ba mu wuri. Mu ma muna da namu. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce, kuma ita ma ginin ƙasa ce. Ga hasumiyar Gobarau a tsakiyar gari. Amma maganar Baban Khalifa ta same ni ni ma, domin rabona da Gobarau tun ina aji huɗu, kuma ba nisa ne tsakaninmu ba. Ashe ciwon ɗaya ne.

Ɗan Kurmi:
To ku tsaya. Kun ce tarihi, tarihi. Ina badala? Ni da idona ina yaro mun hau badala ta wajen Ƙofar Na'isa muna hango gonaki. Yau je ka duba. Wani wuri an ɗebe ƙasar an yi bulo, wani wuri an yi shago, wani wuri juji ne. An adana ƙyaure a ɗaki, an bar katangar da ƙyauren yake jiki ta zube. Wannan shi ne kishin tarihin? Abin da ya sa na ce ba zan je ba ke nan, ba don ban damu ba. Idan na je raina ne zai ɓaci.

Baban Khalifa:
Yauwa ɗan'uwa, yanzu ka faɗi abin da ke ranka. Kuma ban musa maka ko kalma ɗaya ba. Amma bari in faɗa maka abin da ban faɗa ba da farko. Lokacin da mahaifinmu yake gyaran gida ina saurayi, ni aka aika da masu jaki, kuma daga jikin badala muka ɗebo ƙasar. Kowa a unguwa haka yake yi, ba mu ɗauke ta komai ba sai tudun jar ƙasa mai kyau da ba a saya. Jiya da na tsaya gaban taswirar ganuwa aka nuna mini inda ta fara da inda aka ƙara ta, sai mangalolin nan suka faɗo mini a rai, ban ƙara cewa komai ba har muka bar ɗakin. Da an kai ni gidan nan ina ɗan shekara tara, na tabbata da hannuna bai iya sa diga a jikinta ba. Wanda ya ci badala ba daga wata ƙasa ya zo ba. Mu ne, kuma ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Shi ya sa nake ganin zuwan ya fi rashin zuwan.

Ɗalibin Tarihi:
Don a san nauyin abin da ake magana a kai: Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, shi ya fara ginin ganuwa a farkon ƙarni na 12, ɗansa ya ƙarasa. Rumfa ya ƙara ta, aka sake ƙarawa a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Kuma ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai da Dala da Goron Dutse, domin idan an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci da na sha a ciki. Da aikin gayya ake gyara ta bayan damina.

A watan Fabrairun 1903 rundunar Turawa ta Kanar Morland ta zo da igwa, bayan sun ci Bebeji a hanya, suka fasa ta Ƙofar Kabuga. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Sarkin Shanu da aka bar wa tsaron gari ya yi yaƙi har aka kashe shi. Waziri Ahmadu kuma ya faɗi a Kwatarkwashi a hanyar dawowa. Wambai Abbas ya dawo da jama'a, aka naɗa shi sarki, Alu kuwa a Lokoja ya rasu a 1926. Tun daga ranar da igwa ta fasa ƙofa, ganuwa ta daina zama abin tsaro, gayyar gyaranta ta mutu, damina ta fara nata aikin kafin mu mu ƙarasa.

Ɗan Kurmi:
Labarin Sarkin Shanu ban taɓa jinsa ba sai yau. Allah ya jiƙansa.

Hajiya 'Yar Cikin Gari:
Maza kun cika wurin da yaƙi da katanga. Ni ɗakin amarya ne ya sa ni kuka. An yi jere irin na da, tasoshi da ƙorai da faya-fayai, ga tabarma, komai a inda ya kamata. Ina shiga sai na ga ɗakin kakata sak. Tana da tasoshin tagulla guda shida da ta zo da su gidan miji, duk sallah sai ta sa mu mu goge su da toka da tsamiya har mu riƙa ganin fuskarmu a ciki. Akwai wani akushi baƙi wuluk da ba a zuba wa kowa tuwo a ciki sai kakanmu, gefensa ya tsage ta sa aka ɗinke shi da waya.

Da ta rasu aka raba kaya, tasoshin suka faɗo a rabon mahaifiyata, daga baya suka dawo hannuna. Na ga sun tsufa sun cika mini wuri, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa, na miƙa masa ya ɗora a sikeli. Kuɗin ko cefanen kwana biyu bai yi ba. Ranar da na gan su a gidan tarihi, irinsu, an killace ana nuna wa mutane, na daɗe a tsaye. 'Yata tana tambayata me ya faru, na kasa gaya mata.

Akushin dai yana nan. Ɗazu da na ga wannan zancen na sa aka sauko da shi daga saman sif.

Malamar Firamare:
Hajiya, Allah ya jiƙan Inna. Don Allah ki rubuta sunanta da unguwarsu da shekarar aurenta in kin sani, a takarda, ki saka a cikin akushin. Abu idan ya rabu da labarinsa, jikoki za su gan shi tsohon itace ne kawai.

Malam na Zaure:
Wannan shawara ta shafi mu ma. Gidajen malamai da yawa a cikin birni akwai gafaka cike da littattafan hannu, da tawadar gida aka rubuta su, wasu da ajami. Gara da ɗigar ruwa suna cin su a hankali. Na buɗe ta mahaifina bara, na tarar da wasiƙu a tsakanin takardun, gefensu duk ya zama gari. Yanzu kowa yana da waya mai ɗaukar hoto. Ko ba za a kai ko'ina ba, a ɗauki hoton kowane shafi.

Jikan Marina:
Baba Magini ya ambace mu, dole in yi magana. Marinar Ƙofar Mata tun 1498 ake lissafa ta. Ganyen baba da toka da ruwa, a bar su su nuna a rijiya kwana da kwanaki, sannan a fara tsoma zane ana ɗagawa yana shan iska, yana fitowa kore yana komawa shuɗi a gaban idonka. Daga nan a kai wa mabuga su buge shi har ya yi ƙyalli. Baturen Jamus ɗin nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Duk wanda ya je Gidan Makama ya ga kayan saƙa da rini, to ya ƙarasa Ƙofar Mata ya ga masu yi da ransu. Kuma in da hali ya sayi ko ɗan ƙyalle ne. Hoto da ake ɗauka a tafi ba ya riƙe rijiya.

Baba, katsi yana nan. Shekaru ke nan babu maginin da ya zo nema.

Baba Magini:
Ɗan nan ka ajiye mini. Akwai soron wani maƙwabcina da yake yoyo, zan sa jikokina su haɗa laso a gabana ko sau ɗaya ne, su gani da hannunsu.

Baban Khalifa:
Baba, idan za ku yi, a sanar da mu ranar, zan kawo Khalifa. Kuma ina roƙon alfarma: Asabar mai zuwa bayan azahar ina so in koma gidan, wannan karon da yaran gidanmu duka. Idan jikinku zai ba ku dama, ni zan zo in ɗauke ku a mota, ku nuna mana bakan nan da bakinku. Wanda duk yake so ya zo, mu haɗu a bakin zaure.

Malamar Firamare:
Ina ciki, da yara biyar.

Abu Sumayya:
Zan zo, ni kaɗai kamar yadda na ce.

Hajiya 'Yar Cikin Gari:
Ni da 'yata. Wannan karon zan gaya mata labarin tasoshin.

Ɗan Kurmi:
Asabar ranar ciniki ce, ba na iya rufe rumfa. Amma Alhaji, idan kun fito ku biyo ta Kurmi, ba nisa. Zan bar yaro a rumfa in zaga da yaranku layin dukawa da na masu kayan doki, su ga inda ake ɗinka linzami da sirdi har yanzu. Ɗalibin Tarihi, kai ma ka zo, ina so ka ƙarasa mini labarin Sarkin Shanu.

Baba Magini:
Alhaji ka zo da wuri, tafiyata a hankali ce. Kuma a taho da tocila, akwai abin da zan nuna muku a kusurwar rufi da ba a gani sai da haske.